Matakalar Hajiya Kulu

Samarin da ke zuwa shagona a Bodinga da kwamfutoci a jaka maganarsu ɗaya ce: wai a zanen gida babu abin da ya kai matakala sauƙi. Ka danna nan, ka ja can, manhaja ta yi lissafinta, ta jera maka taki bayan taki har sama. Gaskiya ne, tana jerawa, kuma kafin ka kurɓi shayi ta gama. Sai dai ita ba ta hawa. Ba ta da gwiwa, ba ta ɗaura zani, ba ta taɓa ɗauko tiren tuwo a hannu ɗaya da buta a ɗayan ba. Duk lambar da ka ba ta za ta karɓa, ta zana maka abu mai kyau, ta bar mai gida da iyalinsa su hau shi shekara arba'in.

Ni mutum ne mai karatun littattafan soyayya na kasuwa, tun ina saurayi har yanzu da gemuna ya yi fari. A kusan kowanne akwai wurin da yarinya ke saukowa daga bene a hankali, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa, saurayi a falo ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ina son wurin, nakan maimaita shi sau biyu. Amma ban taɓa ganin marubucin da ya faɗi tsayin takin ba. In ya kai inci takwas, yarinyar nan ba za ta sauko a hankali ba. A karkace za ta sauko, hannu biyu a kan ƙarfe, tana kallon ƙafarta, saurayin kuma ya zauna.

Na koyi aikin a Sakkwato wurin wani dattijo, Alhaji Labbo, tun ana zane a kan allo da fensir da rula, ana fere fensirin da reza. Watana uku a wurinsa bai bar ni na ja layi ko ɗaya ba. Tef ɗin awo ya ba ni, ya ce in bi gari, duk inda na ga matakala in nemi izini in auna ta taki-taki, in hau, sa'an nan in rufe ido in sauko. A nan na gane abin da yake so in gane. Ƙafa tana haddace matakala a taki uku na farko. Daga nan ba ta ƙara tambayar ido. In taki na goma ya fi 'yan'uwansa da rabin inci, a nan za ka ci tuntuɓe, kuma a nan kowa zai ci, kullum, har a rushe gidan. Na kawo masa tabon da na samu a ƙwauri, ya duba, ya ce gobe in zo da wuri zan fara jan layi.

Da kwamfuta ta zo, na karɓe ta hannu biyu. Wanda ya taɓa goge zanen yini guda saboda mai gida ya ce a matsar da bayi, shi ya san darajarta. A manhajar da nake aiki da ita, matakala tana da akwatuna uku da suka fi muhimmanci: tsayi daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama, yawan taki, da faɗin wurin sa ƙafa. Ka taɓa ɗaya, sauran su motsa. Ka rage tsayin taki, yawansu ya ƙaru; yawansu ya ƙaru, matakalar ta miƙe ta nemi fili; filin kuma na wani ɗaki ne. Aikin ke nan duka. Matakala ba ta ƙaruwa sai ta ci wani wuri, kuma a ko da yaushe wurin akwai mai shi.

Shekarar da na sha wuya ita ce ta biyu da fara aiki da kwamfuta. Wani ɗan kasuwa a nan Bodinga ya gina wa ɗansa bene zai yi aure. Na bar faɗin matakalar yadda manhaja ta kawo shi, ƙafa uku, da ɗan wurin juyawa a tsakiya. A allon kwamfuta ta yi kyau ƙwarai. Ranar jere dangin amarya suka iso da kaya mota biyu, cikinsu har da sif ɗin tufafi mai ƙofa huɗu da kafinta ya haɗa a dunƙule. Ya hau rabin farko lafiya. A wurin juyawa ya tsaya. Aka tura, aka ja, aka kwantar, aka tayar. Mata cike da tsakar gida, masu guɗa sun yi shiru. Daga ƙarshe aka kira kafinta ya raba shi biyu da zarto a gaban gwaggon amarya. Ba wanda ya tambayi wa ya yi sif ɗin, kowa ya tambayi wa ya zana gidan. Shekara guda babu wanda ya kawo mini ko zanen shago. Na koma buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Tun daga nan ban ƙara zana matakala ba sai na tambayi abu biyu: wa zai hau, kuma me za a hau da shi.

Aikin da nake son ba ku labarinsa na garin Shagari ne, gidan Malam Garba, tsohon hedimasta, wanda ya koya mini lissafi a firamare. Da ya yi ritaya ya aiko aka kira ni. Ya ce yana son ɗaki ɗaya a sama, da ɗan baranda, ba wani abu mai yawa ba. Na ce Malam, filin gidanka ya isa a yi ɗaki uku a ƙasa. Ya yi ta shafa gemu, sa'an nan ya ce lokacin da aka kai masa matarsa Hajiya Kulu yana ƙaramin malami a Mandera, ɗaki ɗaya ne na ƙasa, damina na zuba a ciki, suna tara kwanoni. Ran nan ya ce mata ta yi haƙuri, wata rana zai gina mata bene. Ta ce to. Shekara arba'in da wani abu ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi kuma bai manta ba. Ya faɗi wannan yana kallon bango, kamar yana karanta sanarwa a taron iyaye.

Na yi masa tambayoyina biyu. Ya ce ita za ta hau, kuma lafiyarta lau, sai ɗan ciwon gwiwa irin na manya. Na zana. Daga daɓe zuwa daɓe ƙafa goma da rabi, taki goma sha takwas, kowanne inci bakwai, tara a tafi, a juya, tara a ƙarasa. Matakalar ta zauna daidai tsakanin bangon waje da bangon ɗakin Malam na ƙasa, inda yake ajiye littattafansa yana karɓar baƙi. Na buga takardu na miƙa wa Mamman birkila, wanda zai yi ginin, na koma Bodinga.

Akwai wata ɗabi'a tamu da babu manhajar da ta san da ita. In ana gini, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ba da shawara, kuma shawarar ɗaya ce: a ƙara tsayi, ɗaki mai tsawo ya fi sanyi. A garin da zafin bazara ke hana barcin rana, ba wanda zai yi gardama da wannan. Bango ya kai inda na zana, abokan Malam suka zo duba aiki, suka ɗaga kai, suka ce a ƙara layi biyu na bulo. Malam ya ce a ƙara. Mamman ya ƙara. Ba wanda ya ga dalilin kiran mai zane saboda bulo layi biyu.

Na je ranar Laraba, za a zuba kankaren sama da na matakala ranar Asabar. Kafinta ya riga ya kafa katakon da za a zuba kankaren a ciki. Tun daga bakin ƙofa na ga matakalar ta miƙe kamar tsani. Na fito da tef. Daga daɓe zuwa daɓe ƙafa goma sha biyu cif. Taki goma sha takwas, kowanne inci takwas.

Na ce, "Mamman, mi ya faru nan?"

Ya ce, "Ba abin da ya faru. Sha takwas ka rubuta, sha takwas munka yi. Ƙidaya ka gani. Kuma duk daidai munka raba su, ko ɗaya bai fi wani ba."

"Bangon fa?"

"Bango dai Malam yac ce a ƙara. Gida nai na, ba nawa ba."

Ba zan ce Mamman ya yi ƙarya ba. Ya bi takarda, ya bi mai gida, kowanne a lokacinsa. Na hau katakon da kaina, ni da ba ni da ciwon komai, na iso sama ina jin cinyata.

Na sami Malam a ɗakinsa, na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ciwon gwiwar Hajiya, yaya yake in za ta hau dakali?"

Ya ce, "Takan dafa bango."

"In za ta shiga mota fa?"

Ya ce, "Akan ɗaga mata ƙafar."

Na ce to matakalar da ke waje ba tata ba ce. In aka zuba kankare ranar Asabar, ɗakin zai tsaya a sama, Hajiya ta tsaya a ƙasa tana kallonsa. Kankare kuma in ya bushe ba a yi masa gyara sai da guduma.

Ya ce, "To inci nawa za ta iya?"

Na ce ban sani ba, kuma kwamfuta ba ta sani ba. Sai an gwada.

Nan ma akwai abin da ba a koyarwa a makaranta. Ba zan shiga cikin gida in durƙusa da tef gaban matar malamina, uwa a gare ni, in ce ta ɗaga ƙafa in auna ba. Ita ma ba za ta yi ba ko da na iya. Sai na sa kafinta ya haɗa akwati uku da guntayen katako, masu ƙarfi, ɗaya inci takwas, ɗaya bakwai, ɗaya shida. Na rubuta lamba a gefen kowanne da alli. Malam ya kwashe su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya shiga da su. Ni na zauna a zaure. Katangar gidan ba ta da tsawo, duk abin da aka ce ina ji.

"Wanga kuma mi na?" in ji Hajiya.

"Hawa za ki yi."

"In hau akwati? Da girmana? In an gan ni a ce mi?"

"Ba mai ganinki. Sanda na zaure, shi yac ce a gwada."

Sanda ni ke nan. Ta ɗaga murya ta ce, "Sanda, kai ad da wanga aiki? Ina iyalinka, su Hadiza?"

Na ce, "Lafiya lau suke, Inna, suna gaishe ki."

"To. Malam, riƙe mani hannu. Ba haka ba, kamar kana riƙon ɗan makaranta za ka kai shi bulala."

Na ji katako ya yi ƙara, na ji ta yi salati a hankali, na ji ta sauko.

"Wanga dai sai in mutum shina gudun gobara."

Aka ja na biyu. Ta hau. Malam ya ce, "Kin gani, kin hau."

Ta ce, "Na hau guda. Guda nawa za a yi?"

"Sha takwas, ko fi."

"To ka hau ka gaishe mani da ɗakin."

Aka ja na uku. Na ji ta hau, ta sauko, ta sake hawa, ta sake saukowa. Ba salati. Sai ta ce, "Sakam mani hannu in gani." Katako ya yi ƙara sau ɗaya.

"Wanga ba laifi," in ji ta. "Ko zani ba ya kama ni. Kwashe su, ka tare mani hanya."

Malam ya fito da akwatin mai lamba shida a hannu, ya ajiye a gabana kamar sakamakon jarrabawa.

Na buɗe kwamfuta a kan tabarmar zaure, ya zauna kusa da ni ya gyara tabarau. Na canza tsayi zuwa ƙafa goma sha biyu. Na share sha takwas na rubuta ashirin da huɗu. Tsayin taki ya sauko inci shida. Faɗin wurin sa ƙafa na bar shi inci goma sha ɗaya, domin wanda gwiwarsa ke ciwo yana son ya ɗora tafin ƙafarsa duka. Na danna. Matakalar ta miƙe a allon, sha biyu a tafi, sha biyu a dawo, ta ratsa wani layi mai kauri ta wuce shi da kusan ƙafa uku. Manhajar ta mai da wurin ja.

Ya ce, "Wanga jan fa?"

Na ce, "Bangon ɗakinka ne, Malam."

Na gwada masa duk abin da zan iya a gabansa, don kada ya ce ban nema ba. Na juya ta gabas, ta toshe ƙofar kicin. Na fitar da ita waje, ta hau kan rijiya. Na rage faɗin wurin sa ƙafa, ta shiga, amma ta zama irin wadda ake saukowa da dunduniya a iska. Na lanƙwasa ta da taki masu siffar yankan kankana a wurin juyawa, na kuma gaya masa ni ba zan sa hannu a wannan ba ga mace mai shekarunta. Hanya biyu ta rage: a sauke layi biyun da aka ƙara, wanda ke nufin a kwance duk katako da ƙarfen da aka shimfiɗa a sama, kuma ko an yi hakan inci shida na buƙatar ƙarin taki uku, ko a rushe bangon nan na ɗakin Malam, wanda ba ya ɗauke da nauyin sama, a matsar da shi ciki. Ɗakin Malam faɗinsa ƙafa goma ne. Zai koma bakwai da ɗan kai.

Ɗakin nan ne kawai wurin da yake nasa a gidan. Akwai kantar littattafai bango guda, da teburin da ya taho da shi daga ofis, da kujeru huɗu na baƙi. Ya tashi ya shiga ya tsaya a tsakiya. Ya auna da ƙafarsa daga bango, taku uku, ya tsaya a nan ya juyo ya dubi abin da ya rage. Mamman ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in ka bi ta tawa, a bar ta yadda take. Mata ai suna sabawa. Kuma ɗiya na nan, sai su riƙa tallaba ta."

Malam ya ce, "Mamman, sa'ad da kana aji huɗu ma haka kake, in lissafi ya ƙi fita sai ka canza tambaya."

Sa'an nan ya ce da ni, "Kujeru biyu za su shiga?"

Na ce, "Biyu za su shiga, in an fitar da tebur."

Ya ce, "Buga takardar."

Aka ɗaga zubin kankare da mako guda. Ranar Alhamis aka kwashe littattafai zuwa zaure a kwali-kwali, ranar Asabar bango ya faɗi. Wannan karon ban koma Bodinga na zauna ba. Kullum ina kan babur a hanyar Shagari da tef a aljihu. Na sa aka bar kaurin tayil a lissafin takin farko da na ƙarshe, domin a nan ake yawan cin amanar ƙafa: a zuba matakala daidai, daga baya a shimfiɗa tayil a ƙasa, takin farko ya gajarce, na ƙarshe ya yi tsawo. Na sa aka yi ƙarfen dafawa hagu da dama. Ranar zubi na auna kowane taki kafin kankare ya shiga, Mamman yana bina yana cewa ko asibiti ba a yi wa wannan bincike.

Bayan wata biyu aka gama fenti, Malam ya aiko in zo ranar Juma'a bayan la'asar. Babu taro. Shi ne, da ita, da ni a gindin matakala, na juya baya ina duba wani abu a bango da ba ya buƙatar dubawa. Malam ya ɗauki kujerar roba ya bi ta a baya, wai ko za ta so hutawa a tsakiya.

Da kunne na bi ta. Takalmi ya taka, ɗayan ya biyo shi, ya taka, ya biyo. A na sha biyu ta tsaya.

"Ga kujera," in ji Malam.

"Wa yac ce na gaji? Zanina nike gyarawa."

Ta ci gaba. Na ƙidaya har ashirin da huɗu. Na ji an tura ƙofar baranda. Daga nan babu motsi, har na fara tunanin ko in yi gyaran murya. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri ne ake yin magana mai tsawo, shafi biyu ko uku, da hawaye.

Sai na ji ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Waccan itaciya ta bakin hanya, da benci ƙarƙashinta, ba nan ne kuka zama da abokanka su Alhaji Buba ba?"

"Nan na."

"Ashe daga nan ana ganin kowa. To daga yau in kac ce mani kun daɗe masallaci, sai in duba."

Na ji an ja kujerar roba an ajiye, na ji ta zauna.

Ya sauko shi kaɗai, ya ce in shigo mu sha ruwa. Muka shiga ɗakin nasa, muka zauna a kujeru biyun, gwiwata tana taɓa tasa. Ya zuba mini ruwa a kofi, ya miƙo, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Ya ce, "Sanda, barandar nan, a kwamfutarka ana iya juya ta ta kalli yamma, ta ba itaciyar nan baya?"

Na ce, "A kwamfuta ana iyawa, Malam."

Ya ce, "To bar ta."